Tambaya da Amsa: Idan Kwamfuta Ta Iya Hasashe, Me Ya Rage Wa Injiniya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni injiniyan gine-gine ne, ban daɗe da gama bautar ƙasa ba. A wurin aikinmu an fara amfani da wata manhaja mai ƙirƙirarriyar basira, ana zuba mata bayanan ƙasa da nauyin gini, ta fitar da irin tushen da ya dace cikin daƙiƙa kaɗan. Abokin aikina ya ce nan gaba ba sai injiniya ya san dalilin lissafi ba, tunda na'urar ta fi mu daidai. Zuciyata ba ta natsu ba, amma na rasa hujjar da zan ba shi. Mai karatu, daga Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Injiniya. Allah Ya sa albarka a aikin.

Abokinka yana da gaskiya a ɓangare guda, kuma kada ka raina ta. A 2020 manhajar AlphaFold ta kamfanin DeepMind ta iya hasashen yadda ƙwayoyin furotin, sinadaran da ke gina jikin halittu, ke naɗewa, matsalar da masana suka shafe kusan shekara hamsin suna fama da ita, har Demis Hassabis da John Jumper na kamfanin suka samu kyautar Nobel a 2024. Inda bayanai suka yi yawa kuma abin da ake tambaya ya yi kama da abin da aka taɓa gani, na'ura na iya wuce mu nesa ba kusa ba.

Matsalar tana wurin nan na "abin da aka taɓa gani". Irin wannan manhaja tana koyo ne daga misalan baya, ta ɗauka gobe za ta yi kama da jiya. Tun ƙarni na 18 David Hume, masanin falsafa ɗan Sukotiland, ya nuna cewa maimaituwar abu sau dubu ba ta zama tabbacin zai sake faruwa ba. Karl Popper, shi ma masanin falsafa, ya ɗora a kai a 1934: ilimi ba ya tabbata da tara misalan da suka goyi bayanka, yana ƙarfi ne idan ka nemi gwajin da zai karya ra'ayinka kuma ra'ayin ya tsira. Wannan, a ganina, shi ne ginshiƙin aikin injiniya, ko da bai taɓa jin sunan Popper ba. Shi ya sa muke matse kankare a ɗakin gwaji har sai ya fashe.

Bari in tsaya a kan wata gada, domin labarinta ya fi duk wani bayani. Ranar 10 ga Yuni 2000 aka buɗe gadar masu tafiya a ƙafa ta Millennium a kan kogin Thames a Landan. Manyan injiniyoyin kamfanin Arup ne suka yi lissafinta, kuma lissafin bai saɓa wa ƙa'idojin lokacin ba. Da jama'a suka cika ta, sai ta fara lilo hagu da dama, har mutane suna riƙe ƙarfen gefe. Bayan kwana biyu aka rufe ta, ba a sake buɗewa ba sai Fabrairu 2002, bayan an saka mata na'urorin da ke shanye girgiza.

Me ya faru? Mutum idan yana tafiya yana ɗan tura ƙasa gefe da gefe a kowane taku. Idan gada ta ɗan motsa, mai tafiya yakan gyara takunsa don kada ya faɗi, gyaran nan kuma yana ƙara wa gadar motsi, motsin ya sa wasu ma su gyara nasu. Da injiniyoyin suka yi gwaji da taron mutane, suna ƙara su kaɗan kaɗan, gadar ta tsaya lafiya lau har adadin ya kai wajen 160 a wani sashe, sai lilon ya taso kwatsam. To ka duba: da an horar da manhaja da bayanan mutum 50 ko 100 ko 150, za ta ce maka gadar ba ta da matsala, kuma duk bayananta za su goyi bayanta. Halin da ya ɓata gadar ba ya cikin ƙarfen shi kaɗai, ba ya cikin mutum ɗaya, yana fitowa ne daga cuɗanyarsu. Wannan shi masana ke kira tsari mai sarƙaƙiya. Wutar lantarkin ƙasa ma haka take, layi ɗaya ya faɗi ya ja sauran.

Akwai kuma iyakar da yawan bayanai ba ya kawar da ita. A 1961 Edward Lorenz, masanin yanayi a jami'ar MIT, ya sake gudanar da lissafin yanayi a kwamfuta, ya shigar da 0.506 maimakon 0.506127. Wannan ɗan bambancin ya girma har sakamakon ya rabu da na farko gaba ɗaya. Shi kuwa Google, a 2008 ya fito da manhajar da ke hasashen yaɗuwar mura daga abin da mutane ke bincika a intanet. A hunturun 2013 hasashenta ya kusan ninka abin da hukumar lafiya ta Amurka ta samu daga asibitoci, domin yadda mutane ke bincike ya canza, manhajar ba ta sani ba.

Yanzu dawo kan tushen gininka. Ka tambayi masu manhajar: da ƙasar ina aka horar da ita? Jar ƙasar Zariya daban, baƙar ƙasar firki ta yankin Tafkin Chadi daban, wadda ke kumbura da damina ta tsattsage da rani, ta ɗaga gini ta sauke shi. Idan manhajar ba ta taɓa ganin irinta ba, za ta ba ka amsa da cikakken ƙarfin hali, ba za ta ce maka ba ta sani ba. Wannan ne ya fi ba ni tsoro a cikin al'amarin, fiye da batun rasa aiki da matasa ke yawan kawo mini.

Shawarata, yi amfani da ita, kada ka guje ta. Amma kowane sakamako ta ba ka, yi lissafin hannu ko da na kusa-kusa ne, ka ga ko sun yi daidai. Ka gwada ta da bayanan wani gini da ka riga ka san yadda ya ƙare. Ka canza lamba ɗaya kaɗan, misali zurfin ruwan ƙasa, ka ga ko amsar za ta yi tsalle. In ta yi, ka tsaya ka gano dalili kafin a haƙa rami. Kuma ka tuna wa abokinka cewa hatimin COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, da ake bugawa a zanen, sunan injiniya ne a kansa, shi za a kira idan bango ya tsage.