Hukuncin kai ɗaliban makarantar soja fagen yaƙin basasa

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni direba ne a Aboabo, nan Kumasi. Ɗana mai shekara 16 yana cikin 'yan kadet na sakandarensu, masu fareti ranar 6 ga Maris, ranar bikin 'yancin kan Gana. Mai horar da su ya ba su labarin wasu ɗaliban makarantar soja a Amurka da aka kai yaƙi, tun daga nan yaro ba shi da zance sai wannan. Wai ai sahabbai ma da ƙuruciyarsu suka yi yaƙi, in ƙasa ta rikice shi ma zai fita. Shari'a ta yarda da haka? Ko in cire shi daga kadet ɗin?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bai halatta shugaba ko kwamanda ya ɗebi ɗalibai irin ɗanka ya jefa su yaƙin basasa ba, kuma bai halatta kai uba ka sallama shi ga hakan ba.

Labarin da aka ba su ya faru. A yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, ranar 15 ga Mayun 1864, Janar Breckinridge na ɓangaren Kudu ya rasa mazajen da za su cike giɓin sahunsa a New Market, sai ya sa ɗaliban makarantar soja ta Virginia, su wajen 250, wasunsu 'yan shekara 15. Goma suka mutu. Taɓo ya riƙa zare musu takalma suna gudu cikin ruwan sama. An ruwaito cewa shi kansa janar ɗin ya nemi gafarar Allah a lokacin da yake ba da umarnin. Ka kuma gaya wa yaronka, ɓangaren da yaran suka mutu dominsa shi ne mai son a ci gaba da bautar da baƙar fata.

Hujjarsa ta sahabbai kuwa, a kansa take komawa. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar, Allah ya yarda da su, cewa an gabatar da shi ga Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ranar Uhudu yana da shekara 14, bai ba shi izini ba, sai ranar Handaƙ yana da 15. A Uhudu Musulmi 700 ne suka tsaya gaban Ƙuraishawa 3,000. Ga ƙarancin mazaje, ga maƙiyi a bakin Madina, amma aka bi sahu ana fitar da yara ana cewa su koma gida. Rafi'u ɗan Khadij an bar shi ne don an shaida gwanin harbi ne, Samura ɗan Jundub kuma sai da ya kayar da Rafi'u a kokawa. Su suka zo da ƙafarsu suna roƙo, aka gwada su ɗaya bayan ɗaya. Ina wannan ina a loda aji guda a mota don manya sun ƙare?

Wani zai ce to ai 15 ta isa ke nan, ɗanka ma ya wuce. Shafi'i da Ahmad sun ɗauki 15 iyakar balaga, mashhurin mazhabarmu ta Malikiyya kuwa 18 ne in alamomi ba su bayyana ba. Mu ɗauka ma ya balaga. Balaga kaɗai ba ta buɗe ƙofar. Akwai iznin iyaye: wanda ya zo neman jihadi, Annabi ya tambaye shi ko iyayensa na raye, da ya ce eh, ya ce ya koma ya yi jihadinsa wajen yi musu hidima. Akwai kuma alkawari. Gana ce ƙasar farko da ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1990, yarjejeniyar Afirka ta wannan shekarar kuma ta hana sa wanda bai kai 18 ba cikin yaƙi. Shugaba yana da ikon ƙuntata halal don maslaha, farkon Suratul Ma'ida kuma umarni ne da cika alkawura.

Duk wannan a yaƙin kare kai ne daga maƙiyin waje. Yaƙin basasa fitina ce, maƙwabci ke harbin maƙwabci, sau da yawa duka biyun suna kallon alƙibla. Hadisin Abu Bakrata sananne ne: idan Musulmi biyu suka haɗu da takubbansu, mai kisa da wanda aka kashe duk suna wuta. Shi wannan Ibn Umar da ya matsu ya yi yaƙi yana yaro, da ya girma aka zo masa lokacin fitinar Ibn Zubair, ƙin fita ya yi. Ya ce Allah ya haramta jinin ɗan'uwansa.

Mu a nan ba sai an kai mu Amurka ba. Sojojinmu sun je Laberiya cikin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, a 1990, sun ga yaran madugun 'yan tawaye Charles Taylor da bindigogin da suka kusa kai su tsawo, an ɗirka musu ƙwaya suna tsare hanya. Waɗanda suka tsira wasunsu sun ƙare a sansanin 'yan gudun hijira na Buduburam, nan Gana. A 2012 kotu ta yanke wa Taylor shekara 50, cikin laifuffukan har da amfani da yara a yaƙin Saliyo. Yaron da aka tilasta, zunubin na wuyan wanda ya miƙa masa bindiga, in ya dawo kuma haƙƙinsa ne a karɓe shi a yi masa magani.

Shi kadet ɗin makaranta ba laifi. Fareti, motsa jiki, tsabta da ɗa'a abubuwa ne masu kyau, muddin ba su ci sallarsa da karatunsa ba. Kada ka cire shi. Ka zaunar da shi ka karanta masa wannan amsa, sannan ka je ka ga mai horar da su cikin mutunci, ka roƙe shi in zai ba da labarin New Market ya haɗa da goman da ba su koma gida ba. In yaro ya cika 18 yana son aikin soja, ya nema ta ƙa'ida da yardarka da ta mahaifiyarsa.

Wallahu a'alam.