Hukuncin goge abu a hoto da cike gurbinsa da manhaja

TAMBAYA

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah Ya gafarta Malam, ni mai shagon hoto ne a nan cikin garin Sakkwato, kuma yanzu yawancin aikin da ake kawo mani na gyara ne. Manhajojin da muke aiki da su suna goge abu daga cikin hoto su cike gurbinsa, har ka rantse ba a taɓa komai ba. Wani zai kawo hoton mahaifinsa da ya rasu, laima ta cinye gefen fuskar, ya ce a cike. Wata ta ce a cire mata tsohon mijinta daga hoton suna. Gab da Babbar Sallah masu raguna kan zo a share ciwon da ke jikin dabba a hoto kafin su tura wa mai saye ta WhatsApp. Akwai masu son a goge tabon fuska a hoton da za a nuna wajen neman aure. Kwanan nan kuma wani ɗalibi ya kawo hoton shafin tsohon littafin kakansa na rubutun hannu, gara ta ci layi biyu, yana so na'ura ta cike. Abokina ya ce aikin duka haramun ne, wai canza halittar Allah ne. Mene ne hukuncinsa, kuma kuɗin da nake karɓa halal ne?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuh. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗana, Allah Ya yi maka albarka da ka damu da abin da ke shiga aljihunka. Malaman usulu sun ce hukunci a kan abu reshe ne na fahimtar abin, saboda haka sai mu fara da abin da na'urar take yi.

Hoton waya ko na kwamfuta tarin ƙananan ɗigo ne da aka jera, kowane ɗigo yana ɗauke da lambobin da ke nuna yawan ja da kore da shuɗi a cikinsa. Idan mutum ya tsaya gaban ƙofar Hubbaren Shehu aka ɗauke shi, kyamara ba ta ga abin da ke bayansa ba, ba ta kuma ajiye shi ko'ina ba. Ka goge mutumin, rami ne ya rage, kuma dole manhaja ta nemo abin da za ta zuba a ciki. Tsohuwar dabara, wadda wani masani mai suna Bertalmio da abokan aikinsa suka wallafa a shekarar 2000, ita ce a janyo launi da layukan da ke bakin ramin zuwa cikinsa a hankali. Tana maganin ƙarce da ƙananan tabo, amma a babban rami sai wurin ya dusashe. Daga baya aka samu wadda ke yawo cikin sauran hoton tana neman ƙananan yankuna masu kama da gefen ramin, ta kwafo su ta liƙa, kamar tela da ya yanko ƙyalle daga cikin aljihun riga ya yi mata faci a gaba. Dabarar PatchMatch ta 2009 ce ta sa wannan ya yi sauri, ita ce kuma ta shiga Photoshop a 2010 da sunan Content-Aware Fill. Wadda kuka fi amfani da ita yanzu, irin Generative Fill da ya fito a 2023, ba ta tsaya ga hotonka ba. An horar da ita da miliyoyin hotunan wasu mutane da wasu wurare, sai ta zana abin da ta ga ya fi dacewa da wurin. Kai shaida ne cewa in ka danna sau ɗaya samfuri uku take ba ka, ka sake dannawa ta ba ka wasu ukun daban.

Wannan na ƙarshe shi ne ginshiƙin amsar. Shaidan da aka yi wa tambaya guda ya ba da amsa uku mabambanta, babu alƙalin da zai gina hukunci a kan maganarsa. Abin da manhaja ta cike kirdado ne, ko da ya yi kyau. Inda babu wanda zai dogara da wurin da aka cike don ya ba da kuɗinsa, ko 'yarsa, ko hukuncinsa, ko ya ɗauki ilimi, aikin halal ne bisa asali. Inda akwai mai dogara kuma ba a sanar da shi ba, an shiga algus da ƙarya.

Maganar abokinka ba ta zauna ba. Ayar Suratun Nisa'i ta 119 da hadisin Ibn Mas'ud a kan masu zane a fata da masu tsige gira suna magana ne a kan jikin da Allah Ya halitta. Kai ba ka taɓa jikin kowa ba, lambobi ka sauya a cikin kwamfuta. Shi kansa hoton kyamara malaman zamani sun yi saɓani a kansa, wasu sun hana sai da lalura, da yawa sun halatta. A mazhabar Malikiyya da muke karantarwa a zaurukanmu, surar da aka haramta ita ce ta abu mai rai, mai jiki da inuwa, mai cikakkun gaɓoɓi. Wadda ke shimfiɗe a takarda ba ta kai haramun ba, iyakarta karhanci ko saɓa wa abin da ya fi. Wanda ya bi masu hanawa don tsantseni ba a zarginsa, amma ba zai haramta maka sana'arka da wannan ayar ba.

Hoton mamaci a gyara shi, babu laifi. Sai dai in gefen fuskar ya tafi gaba ɗaya, kuncin da idon da za su fito ba na mahaifinsa ba ne, zanen na'ura ne. Ka faɗa wa ɗan haka, ka mayar masa da na asali tare da gyararren, domin jikokin da ba su san tsohon ba kada su tashi da kamannin da ba nasa ba. Matar da ke son a cire tsohon mijinta kuwa, hotonta ne, ta ajiye abin da ranta ya kwanta da shi. Haka share wayar lantarki ko ɗan kabu-kabun da ya gifta a bayan ango.

Batun raguna ne ya fi tsaya mani a rai. Imam Muslim ya ruwaito cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya wuce wani tarin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa sai yatsunsa suka ji danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai Annabi ya ce masa me ya hana ka sa shi a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Lura da cewa mutumin bai furta ƙarya ba, jera kayansa kawai ya yi yadda ido ba zai kai ga aibin ba. Haka hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito na hana ƙin tatsar raƙuma ko tunkiya kwanaki don hantsarta ta cika mai saye ya zaci mai yawan nono ce. Nan ma babu magana, gani aka yaudara, kuma shari'a ta ba mai saye damar mayar da ita tare da sa'i guda na dabino. Ibn Abi Zaid ya tattara wannan a Risala, inda ya hana ɓoye aibi a ciniki, ya kuma hana mutum ya ɓoye duk wani abu game da hajarsa wanda da ya ambace shi mai saye zai ƙi ta ko ya rage kuɗi.

To, mutumin da ke Legas ko Abuja ya turo kuɗin rago bai zo kasuwar Kara ba, bai je kasuwar Achida ko Illela ya shafa bayan dabbar ya buɗe bakinta ba. Malikiyya sun halatta sayar da abin da ba ya wurin ciniki bisa siffantawa, kuma a wannan ciniki hoton ne ya tsaya a matsayin siffar. Wanda ya share ciwo daga hoton ya yi ƙarya a siffa, mai saye kuma yana da zaɓi idan ragon ya iso: ya riƙe, ko ya mayar a ba shi kuɗinsa. Abin ya fi haka nauyi da yake dabbar layya ce. Hadisin Bara'u ɗan Azib da ke cikin Muwaɗɗa ya lissafa huɗu da ba sa isarwa: mai ido ɗaya, da mara lafiya, da gurguwa, waɗanda aibinsu ya bayyana, da ramammiyar da babu ɓargo a ƙashinta. Risala ta ƙara da mai karyayyen ƙaho in yana zubar da jini. Fari a ido da ƙahon da ke jini su ne irin abin da ake gogewa da yatsa guda, sai bawan Allah ya karɓi rago daren Sallah, ba lokacin mayarwa, ibadarsa ta shiga matsala. Wannan aikin haramun ne a kan mai rago, haramun ne a kanka in ka sani. Amma share turke da tarin harawa da ke bayan ragon, ko ƙara haske don a gan shi da kyau, ba komai, matuƙar ba a taɓa jikinsa ko girmansa ba. Hukuncin tsagewar bango a hoton gidan haya da tsatsa a jikin mota duk ɗaya ne da wannan.

A neman aure, Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce wa Mugira ɗan Shu'uba ya je ya dubi wadda yake nema, domin hakan ya fi sa a daidaita tsakaninsu, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito. In hoto ne zai fara tsayawa a madadin wannan dubawa, to ya nuna mutumin da za a gani. Ƙurjin da ya fito yau zai baje jibi a goge shi. Tabo mai zama, da harara-garke, da sauya launin fata, waɗannan ba a taɓa su a irin wannan hoton. Kuma kada a ɗora wa 'yan mata su kaɗai, masu furfura da sanƙo da ke neman budurwa su ma hukuncin ya hau kansu.

Shafin littafin nan kuwa, kada ka yarda. Garin nan gari ne na rubutu, littattafan Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Nana Asma'u hannu da hannu aka kwafo su har suka iso mana, wasu a gidajen malamai, wasu a Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu. Al'adar magabata masu kwafe littafi ita ce in sun tarar da wurin da ya goge sai su bar shi fari, su rubuta a gefe cewa haka yake a asali, har a samu wani kwafin a gwada. Manhaja ba ta san nahawu ba balle fiƙihu, siffar haruffa take kwaikwayo. Za ta iya fitar da rubutu mai kama da hannun kakan, tawada iri ɗaya, alhali kalma guda ta mayar da "ya halatta" zuwa "bai halatta ba". Bayan shekaru hoton ya zagaya wayoyi, a jingina wa malamin abin da bai faɗa ba. In aya ce ko hadisi a wurin, haɗarin ya ninka. Ka tsabtace masa shafin daga ƙura da inuwa, ka bar cin gara yadda yake. In ya samu layukan a wani kwafi, ya rubuta su a ƙasa da rubutu na daban, ya faɗi inda ya samo.

Takardar fili, da sakamakon WAEC ko NECO, da rasit ɗin tura kuɗi, da hoton asibiti, da duk hoton da za a kai gaban alƙali ko a yaɗa a matsayin labari, ba a goge komai a cikinsu, ba a cikewa. Allah Ya haɗa nisantar maganar zur da nisantar gumaka a aya guda, ta 30 a Suratul Hajji. Ko kamfanonin labarai ba sa lamunta: a 2006 Reuters ya janye hotunan wani mai ɗaukar hoto bayan an gano ya kwafi hayaƙi ya ƙara a hoton Beirut. Amfani da wannan dabara don tsiraita mace a hoto, ko sa mutum a wurin ɓarna da bai je ba, babban zunubi ne mai shiga gargaɗin aya ta 19 a Suratun Nur, har da wanda ya tura wa wani.

Game da kuɗinka: ladan aikin halal halal ne, ladan aikin da ka san na yaudara ne haramun ne, saboda faɗin Allah a Suratul Ma'ida cewa kada ku taimaki juna a kan zunubi da ƙetare iyaka. Ba a ɗora maka binciken zuciyar kowane mai shigowa shago ba. Amma wanda ya zo ana saura kwana biyar Sallah ya nuna idon rago ya ce "goge mani wanga", alama ta riga ta yi magana, sai ka ba shi haƙuri. Abin da ka karɓa a baya a kan irin wannan ka tuba, ka kimanta shi ka fitar ga mabuƙata, in kuma ka san wanda aka cuta kuma cinikin bai yi nisa ba, ka gaya wa mai ragon ya sanar da shi, in ya ƙi ka sanar da shi da kanka.

Wallahu a'alam.