Gwaji ɗaya a gonaki uku: abin da ke haɗa aikin masu bincike

Ka ce an saka ka cikin ayarin da zai gwada irin wake guda goma a damanar bana, a Samaru da Minjibir da Maraɗi, kana kuma tambaya: "Malam, tunda duk mun san aikin kuma muna jituwa, me ya rage mu yi don haɗin kanmu ya yi amfani?"

Yarona, jituwa abu ce mai kyau, amma ba ita ke riƙe gwaji ba. Abin da ke riƙe shi shi ne idan wani a Maraɗi ya rubuta 3 a takardarsa, kai ma a Samaru ka rubuta 3, to ya zama abu guda kuke nufi. Mudun wannan kasuwa ba lalle ya yi daidai da na waccan ba, kuma duk sunansu mudu. Mafi yawan gwajin da ke lalacewa a hannun mutanen kirki ne masu ƙwazo, waɗanda kowannensu ya yi aiki tsakani da Allah da irin nasa awon.

Saboda haka aikin farko shi ne takardar ƙa'idar aiki, a rubuta ta kafin ruwan shuka, kowace tasha, wato kowace gona cikin ukun, ta riƙe kwafi iri ɗaya mai kwanan wata a kai. Kada a bar komai a kan "ai kowa ya sani". Ɗauki tsarin da aka saba da shi a gwajin wake: kowane fuloti kunya huɗu, tsawon kowace mita 4, tsakanin kunya da kunya santimita 75, tsakanin rami da rami santimita 20. Kowane iri a shuka shi zubi uku, wato fulotai 30 a kowace tasha, 90 gaba ɗaya; zubi ɗaya shi ne fulotai goma da kowane iri ya fito a cikinsu sau ɗaya. Rami 20 a kunya, ƙwaya uku a rami, ƙwaya 240 ke nan a fuloti, bayan mako biyu a rage su koma biyu-biyu. Kowane iri kuwa daga buhu ɗaya za a ɗebo shi, mutum ɗaya ya ƙirga ya zuba a ambulan 90, ya rubuta lambar fuloti a kan kowanne, sannan a rarraba. Idan kowace tasha ta ɗebo daga rumbunta, wata na shekarar bara, wata na bara waccan da ƙwari suka fara ci, to bambancin da za ku gani a gona na ajiya ne, ba na iri ba. Kafin a rufe ambulan a jiƙa ƙwaya 100 daga kowane iri a yashi mai danshi a ƙirga waɗanda suka tsiro, a rubuta. Jeren fulotai kuma da ƙuri'a ake yin sa, kowace tasha da nata jeren daban.

Yanzu ga inda ake yawan faɗawa rami. Kunya biyu na tsakiya kaɗai ake girba don awo, domin na gefe suna cin iska da rana da takin maƙwabta. Faɗin abin da aka girba shi ne 2 sau 0.75 sau 4, wato murabba'in mita 6. Idan ka samu giram 900 a nan, ya zama kilo 1,500 a hekta. To a ce mutanen wata tasha sun girbe kunya huɗun duka, suka turo nauyin ba su faɗa ba, mai lissafi kuma ya raba da 6 kamar yadda takarda ta ce. Sai a ga tashar ta ba da kusan kilo 3,000, a yi ta murna da abin da babu shi. Haka danshi: waken da aka auna ranar da aka sussuke shi da wanda ya sha rana mako guda ba nauyinsu ɗaya ba. A tsayar da danshin da za a mayar da kowane nauyi gare shi, a ce kashi 12 cikin 100. Giram 900 a danshi 18 sai ka ninka da 82 (100 ban da 18) ka raba da 88 (100 ban da 12), ya koma kusan giram 839. Wanda bai auna danshi ba, ya ƙara wa irinsa giram 61 na ruwa zalla. Kwanakin fure ma haka: a rubuta ɓaro-ɓaro cewa daga ranar shuka ake ƙirgawa har ranar da rabin tsirran fuloti suka buɗe fure. Wanda ya fara ƙirga daga ranar tsirowa zai rage kwana uku zuwa biyar, kuma wannan ya isa ya mayar da iri matsakaici ya zama kamar mai saurin nuna.

Kada ka ɗauka wannan matsalar ƙananan ma'aikata ce. A shekarar 1999 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mas, saboda ɓangare ɗaya na injiniyoyin ya ba da alƙaluma da ma'aunin fam, ɗayan kuma ya karɓe su a matsayin ma'aunin mita da kilo. Ku ma kuna da irin taku: abokan aikinku na Nijar da Faransanci suka yi karatu, suna rubuta ɗaya da rabi 1,5, ku kuna rubuta 1.5. Idan aka zuba su a kwamfuta ɗaya ba a daidaita ba, tana iya ƙin ɗaukar nasu a matsayin lamba, ko ta karanta shi ba daidai ba. Ku tsayar da guda tun yanzu, haka ma yadda za a rubuta kwanan wata, rana ce gaba ko wata.

Abin da ya fi waɗannan wuya shi ne awon ido, irin makin da ake bai wa ɓarnar darɓa ko tsutsar kwanso ko cutar ganye, daga 1 zuwa 5. Da farko a faɗi wane gefe ne mai kyau, don akwai masu ɗaukar 1 a matsayin lafiyayye, akwai masu ɗaukar 5. Sannan kafin a fara, duk masu ba da maki su haɗu a gona ɗaya, a zaɓi fulotai goma, kowa ya zagaya shi kaɗai ya rubuta nasa ba tare da leƙen na wani ba, a zo a jera takardun. Duk inda tazara ta wuce maki ɗaya, a koma gindin wannan fulotin a tsaya a kansa har a yarda da abin da ido zai nema. A ɗauki hoton misalin 1 da 3 da 5, kowa ya riƙe a wayarsa. Mai ba da maki lambar fuloti kawai zai gani, ba sunan iri ba, domin idan ya san wannan ne irin da babban masani ke alfahari da shi, hannunsa zai sassauta ko da bai yi niyya ba. Ƙuduji kuwa tunda ana iya ƙirga shi, a ƙirga, kada a ba shi maki, kuma a yi a mako iri ɗaya a duk tashoshin, a ce mako na tara bayan shuka.

Ga wata ƙa'ida da nake so ka riƙe da hannu biyu: ba a sauya hannu a tsakiyar zubi. Idan ku biyu ne masu ba da maki, kai ka gama zubi na ɗaya gaba ɗaya, shi ya ɗauki na biyu. Idan yamma ta yi muku ana noma ko feshi ko girbi, ku tsaya a ƙarshen zubi, ba a tsakiyarsa ba. Dalili shi ne lissafin da ake yi daga baya yana cire bambancin da ke tsakanin zubi da zubi, amma bambancin da ya shiga cikin zubi ɗaya a kan iri yake sauka, babu mai iya raba su.

Kowane aiki kuma ya kasance da mai shi guda, da sunansa a takarda: wane ne mai karanta ma'aunin ruwan sama kowace safiya, wane ne mai feshi, wane ne mai sikeli, wace ce mai shigar da alƙaluma. Aikin da aka ce "na kowa ne" ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi za a tarar ba wanda ya karanta. Wannan ba ƙaramar asara ba ce a gwajinku, don Samaru na samun ruwa kusan milimita 1,000 a shekara, Maraɗi kusan rabin haka, kuma ba za a fahimci dalilin da iri ya yi kyau a can ya gaza a nan ba sai da wannan littafin ruwan. Mai sikeli ya riƙa ɗora nauyin kilo ɗaya da aka tabbatar da shi kafin ya fara awo kowace rana. Kowane buhu takardar shaida biyu, ɗaya a ciki ɗaya a waje, da fensir, don biro yana zuba idan ya jiƙe.

Leburori da mai gadi suna cikin ayarin, kada ka manta. Idan gwajin na juriya wa ƙwari ne, an hana feshi da gangan. Manomin kirki ba ya iya kallon wake yana lalacewa, sai ya ɗauko maganin da ya rage ya fesa don taimako, shekara guda ta tafi. Ka zaunar da su ka bayyana musu dalilin, da harshen da suke ji, tun ranar shuka.

Kuskure kuwa dole ne a yi shi. Abin da ke raba ayari mai amana da wanda ba shi da ita shi ne saurin faɗa. Awaki sun shiga fuloti na 17, ko an juye ambulan biyu wurin shuka: a rubuta a ranar, a sanar da shugaban gwaji a ranar. Kada ka cike gurbi da kintace, kada kuma ka sa 0 a inda ba a auna ba. Sifiri na nufin an duba ba a samu komai ba. Gurbin da ba a auna ba a bar shi da alamar da aka yarda da ita. Mai lissafi yana da hanyar tafiyar da fulotin da ya ɓace, amma ba shi da maganin lambar ƙarya. Shugaba kuma idan yana tozarta mai kawo rahoton kuskure, to ya koya wa yaransa ɓoyewa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Alƙaluma a shigar da su kwamfuta cikin makon da aka ɗauke su, wani daban ya karanta daga takarda ana bi layi-layi, a ɗauki hoton kowane shafi, asalin littafin gona kuma ba a goge shi, sai dai a ja layi ɗaya a kan kuskure a sa hannu.

Dubi waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsar kwanso, wanda aka saki ga manoman Najeriya a ƙarshen 2019. A Ostireliya, a hukumar binciken kimiyya ta ƙasar, CSIRO, aka shigar da ƙwayar halittar da ke kashe tsutsar. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku, ta yi barbarar iri da gwajin gona tun daga 2009. Gidauniyar fasahar noma ta Afirka, AATF, da ke Nairobi ta haɗa ɓangarorin. Shekara goma ana miƙa aiki daga hannu zuwa hannu, tsakanin mutanen da ke ƙasashe daban-daban. Takarda da awo iri ɗaya ne suka haɗa su.

Saura maganar da mutane ke jin nauyin tayarwa, wato sunan wa zai fito a rahoto da muƙalar da za a buga. A yi ta kafin shuka, lokacin da babu sakamakon da za a yi rigima a kai: wa zai rubuta, wa zai zo farko, wa za a yi wa godiya a ƙarshe, kuma wa ke da izinin fitar da alƙaluman wata tasha waje. Kai sabo ne, ba kai za ka yanke ba, amma kana da damar tambaya cikin ladabi. Ka nemi kwafin takardar ƙa'idar a makon nan, ka karanta ta da fensir a hannu, duk inda ka ga za a iya fahimtar jimla ta hanya biyu ka ja mata layi, ka kai wa shugaban gwaji kafin a rufe ambulan iri.