Za mu ƙaura Abuja: mu sayar da mota ta biyu ko mu tafi da ita?

Tambaya: An yi mini canjin wurin aiki daga Kano zuwa Abuja, kuma nan da wata biyu za mu tashi da iyali. Muna da motoci biyu, Corolla da nake zuwa ofis da ita, da wata tsohuwar Honda da uwargida take kai yara makaranta. Gidan da muka kama a Kubwa wurin ajiye mota ɗaya ne da shi. Wani dillali ya yi tayin Hondar a farashin da bai kwanta mini ba, ƙanena kuma yana so in bar masa ita ya riƙa biya kaɗan-kaɗan. Me ya kamata in yi?

Amsa: Malam, Allah ya sanya albarka a sabon wurin aiki. Kafin maganar farashi, akwai abin da ba ka faɗa ba, wato ko motar taka ce da uwargida take hawa, ko kuwa tata ce. Idan ka taɓa cewa ka ba ta ita kyauta, to ta zama dukiyarta ko da sunanka ne a takardu, kuma sayarwa da kuɗin da za a samu duk sai da yardarta. Ko da taka ce, ita ce za ta fi kowa jin rashinta, don haka da ita za a fara shawara.

Dalilan sayarwa ba ɓoyayyu ba ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Inshora mafi ƙanƙanta, wadda doka ta wajabta, ta koma naira 15,000 daga 5,000 tun Janairun 2023, ga sabunta lasisi da takardar lafiyar mota duk shekara. Motar da aka ajiye ma tana cin kuɗi, domin batir yakan mutu, tayoyi su tsattsage, rana ta cinye fenti, ballantana wadda za ta riƙa kwana a bakin titi saboda gidan ba shi da wurinta.

Sai dai akwai ɗaya ɓangaren da masu gaggawar sayarwa suke mantawa da shi. Bayan da Babban Banki ya saki darajar naira a watan Yunin 2023, kuɗin shigo da mota da na kwastan sun yi tashin gwauron zabo, abin da ya sa hatta motocin da aka daɗe ana hawa a gida suka yi tsada. Idan ka sayar yau sannan bayan wata shida ka gane ba za ku iya zama da mota ɗaya ba, da wuya kuɗin da ke hannunka su sayo maka irinta, kuma za ka musanya motar da ka san ciwonta da wadda ba ka san abin da bakanike ya rufe a cikinta ba. Abuja kuma ba Kano ba ce, inda mutum zai fito ƙofar gida ya tsayar da A Daidaita Sahu zuwa ko'ina. An hana acaɓa a tsakiyar birnin tun 2006, an taƙaita wuraren da keke mai ƙafa uku yake shiga, kuma daga Kubwa zuwa cikin gari tafiya ce ta fiye da kilomita 20. Mai aiki a can yakan fita da sassafe don guje wa cunkoso, ya dawo bayan magariba, ke nan Corolla ba za ta yi wa gida wani amfani da rana ba.

Saboda haka abin da zai raba gardama shi ne makarantar yara. Ka je Kubwa kafin ku tashi, ka ga tazarar da ke tsakanin gidan da makaranta, da kasuwa, da asibiti. Idan duk suna cikin unguwa, inda ake samun abin hawa na haya, ko makarantar tana da motar ɗaukar ɗalibai, a ganina ka sayar, musamman da yake motar ta tsufa kuma ba ta da wurin kwana. Idan kuwa makarantar tana nesa, ka tafi da ita ka nemi wurin ajiya.

In ka yanke shawarar sayarwa, ka fara yanzu, kada ka bari sai an ɗaure kaya. Dillalin da ya san ranar tashinka zai riƙa zuwa yana taɓa fenti, yana sauraron inji yana girgiza kai, yana rage tayi, domin ya san lokaci yana gefensa. Ka ce masa albarka, ka nuna wa wasu dillalai biyu ko uku, ka kuma sanar da abokan aiki da maƙwabta, waɗanda sau da yawa suke biyan abin da ya fi na dillali. A yi maganar la'ada tun farko. A wanke motar, a sauya baƙin mai, a gyara fitilar da ta mutu, amma kada ka kashe kuɗi a sabon fenti, don mai saye zai ɗauka hatsari ake ɓoyewa. Aibin da ka sani, ka faɗe shi.

Takardu su ne inda aka fi yin sakaci. Ka haɗa takardar kwastan, da shaidar mallaka, da lasisi, da inshora, a rubuta yarjejeniyar ciniki mai ɗauke da lambar mota, da ta inji, da ta shasi, da sa hannun shaidu, ka riƙe kwafi tare da hoton katin shaidar mai saye. Ka dage a yi sauyin sunan mai mota a ofishin lasisi kafin ka bar Kano, domin muddin sunanka ne a rajista, idan aka aikata laifi da ita kai za a fara nema. Kada ka miƙa makulli saboda saƙon shigar kuɗi da ka gani a waya, sai ka duba asusunka da kanka ka tabbatar.

Game da ƙanenka, biya kaɗan-kaɗan yana yiwuwa ne kawai idan ba ka buƙatar kuɗin don haya da hidimar ƙaura, wanda da wuya ga mai shiga Abuja. Idan kana son taimaka masa, ka rage masa farashi ya biya gaba ɗaya. In kuma sai an yi bashin, ya bayar da kaso mai tsoka a farko, a rubuta adadin da zai riƙa biya da ranakunsa a gaban wani babba a gida, a kuma amince cewa duk gyaran da ya taso daga ranar da ya karɓi makulli a kansa yake.