Amsa ga mai tambaya kan alluran Sin da aman yara bayan tiyata

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin ce za a yi wa 'yarki mai shekara 6 aikin gyaran harara-garke a nan Jidda, kuma yayanta ya sha wahalar amai lokacin da aka yi masa tiyata, shi ya sa kike tambaya ko alluran Sin da maƙwabciyarki ta ba ki labari, wato siraran alluran da ake tsirawa a wasu wurare na jiki don magani, za su hana. Na daɗe ina aikin jinya a ɗakin da yara ke farfaɗowa bayan tiyata, don haka zan faɗa miki abin da na sani.

Damuwarki tana da tushe. Likitocin sa barci suna duba abubuwa huɗu: ko yaro ya kai shekara 3, ko aikin zai kai minti 30, ko aikin harara-garke ne, da kuma ko shi ko wani na jininsa ya taɓa yin amai bayan tiyata. Idan duka huɗun suka haɗu, yiwuwar amai takan kai kusan kashi 70 cikin 100 matuƙar ba a ɗauki mataki ba, kuma 'yarki ta riga ta cika uku.

Wurin da ake tsirawa ana kiransa P6. Yana cikin hannu, faɗin yatsu uku na yarinyar kanta daga layin wuyan hannu, tsakanin jijiyoyi biyu da ke bayyana idan an dunƙule hannu. Nazarin da Cochrane, ƙungiyar da ke tattara sakamakon binciken lafiya, ta yi a 2015 ya tattara gwaje-gwaje 59 a kan mutum 7,667, manya da yara, ya ga cewa motsa wurin yana rage tashin zuciya da amai idan aka kwatanta da waɗanda aka yi wa na bogi, wato kwaikwayon aikin kawai, sai dai masu nazarin sun ce ƙarfin hujjar bai kai yadda ake so ba. A kan irin aikin 'yarki ma sakamakon ya saɓa: gwajin da aka yi a Toronto ta ƙasar Kanada a 1992 bai ga amfanin allurar ba, na Innsbruck ta ƙasar Austriya a 1998 kuwa, wanda ya haska wurin da hasken lesa, ya ga aman ya ragu. Ra'ayina shi ne abin yana taimakawa, amma ba zan yarda a dogara da shi kaɗai ga yarinyar da ke cikin wannan haɗari ba.

Yaran da na ga sun tashi lafiya bayan aikin ido, galibinsu waɗanda aka haɗa musu maganin hana amai biyu ne tun suna cikin barci, wato ondansetron da dexamethasone, aka ba su isasshen ƙarin ruwa, aka kuma rage magungunan kashe zafi masu ƙarfi dangin mofin, domin su kansu suna tayar da zuciya. Na kuma ga iyayen da suka zo da abin ɗaura wa hannu irin Sea-Band, mai ɗan maɓalli da ke danna wurin ba tare da huda fata ba. Shi na fi so ga yaro, saboda tsoron allura kaɗai yakan sa yaro kuka har ya haɗiyi iska. Sai dai sau da yawa nakan tarar maɓallin ya goce daga wurinsa, ko an sayo na manya ya yi wa hannun yawa.

Ranar da za ku ga likitan sa barci, ki ba shi labarin yayanta dalla-dalla, ki tambaye shi maganin da zai bayar, sannan ki nuna masa abin hannun domin ya zaɓi inda zai sa allurar ƙarin ruwa. Ki tambayi lokacin da za ta daina ci da sha. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce awa 6 ga abinci, awa 2 ga ruwa zalla. Wasu iyaye, saboda tsoro, sukan hana yaro ruwa tun daren jiya, alhali ƙishirwa tana ƙara masa jigata.

Kada ki kai ta wurin mai allura a unguwa. A Saudiyya cibiyar magungunan gargajiya da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya ce ke ba da lasisin wannan sana'a, kamar yadda take ba masu ƙaho. Bayan an sallame ku, ki fara ba ta ruwa kaɗan-kaɗan ba tare da tilastawa ba, kuma idan aman ya ƙi tsayawa, ko ta daina fitsari, ko jikinta ya saki, ku koma asibiti a take. Allah ya ba ta lafiya.