Tambayi Kafinta: Ƙofar Sif Ɗin Amarya Ta Tsage

Tambaya: Salamu alaikum Baba Kafinta. A watan Agustan bara muka yi wa babbar 'yata kayan ɗaki: gado, sif, madubi da teburin cin abinci. Kafintan ya ce duk madaci ne. Janairu bai ƙare ba ƙofar sif ta tsage daga sama har ƙasa, teburin kuma ya buɗe baki a tsakiya har tsinke na shiga. Cutata aka yi? Ga ƙanwarta an sa rana, ba na so in sake faɗawa. — Wata uwa daga Gusau

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya alheri, ya nuna mana na ƙanwar lafiya. Mai yiwuwa bai yi miki ƙarya a kan sunan itacen ba. Madaci ma yana tsagewa idan aka yi aiki da shi ɗanye, kuma da kika ce Agusta na riga na san inda gizo ke saƙar.

Katako ko ya shekara goma da sara bai daina numfashi ba. Da damina ya sha laimar iska ya kumbura, da hunturu ya fitar da ita ya tsuke. A tsawo kusan ba ya motsi, a faɗi yake yi. Allo mai faɗin ƙafa 2 da aka yanka da laimarsa yana iya rasa kwata ko ma rabin inci kafin sanyi ya wuce. Mafi yawan katakon da muke saye a 'Yan Katako ta Na'ibawa nan Kano daga dazuzzukan kudu tireloli ke kawo shi, wajajen Edo da Ondo, inda iska ba ta rabuwa da laima. A sauke shi yau, gobe a sa masa zarto, jibi a buga shi da ƙusa ta kowane gefe. Hunturu ya zo yana son tsukewa, ƙusa ta hana shi. To me ya rage masa in ba tsagewa ba?

Ina yaron shago, maigidana, Allah ya jiƙansa, ba ya taɓa sabon katako sai mun jera shi a inuwa, da 'yan sanduna tsakanin kowane allo don iska ta ratsa, mun shafe bakunan da fenti, ya yi watanni. Wata rana ya yi tafiya, na zari allo daga sabon jeri na haɗa ƙofa don in burge shi. Da ya dawo ya ɗaga ta, ya ji nauyinta, bai ce uffan ba, ya jingine ta a bayan shago. Wata uku bayan nan ya kira ni in zo in ga aikina. Ta lanƙwashe kamar kwale-kwale.

Amma bushewa rabin aikin ce. Ƙofar kirki ba allo ɗaya ake mannawa ba. Ana haɗa firam mai gefe huɗu, kowace kusurwa a huda rami a ɗaya itacen, a fiƙe harshe a ɗayan, su shiga juna da gam. Cikin firam ɗin a tsaga kwari, a zura allon tsakiya ba gam ba ƙusa, ya samu wurin kai da kawo. Saman tebur kuwa da sukuru ake kama shi ta ƙasa, a ɗan tsawaita hujin. Sannan a shafa banish, man nan mai sa katako ƙyalli, ciki da waje. Mai shafa fuska kaɗai ya bar baya tsirara shi ke gayyato lanƙwasa.

Don na ƙanwar: ki ba da aikin da wuri, in so samu ne da rani. Ki je shagon ko ki tura mahaifinta kafin a yi fenti, domin fenti rufin asirin kafinta ne. A kifa tebur a duba ƙasansa. A zaro aljihun sif a ga ko haɗi ne ko ƙusa ce kawai. Na babbar kuma kada a zubar. A bari sai ƙarshen hunturu, lokacin da tsagar ta gama buɗewa, a fiƙe siririn katako irinsa a cusa da gam, a goge. In aka cike da garin katako da gam kaɗai, damina na zuwa za ta matso shi waje.

Tambaya: Baba, shekarata 3 da samun 'yanci daga maigidan da ya koya mini aiki. Kowa ya zo sai ya nuna mini hoton gadon Turkiyya a waya ya ce irinsa yake so. Yaya zan yi in samu salon kaina? — Wani matashin kafinta daga Maraɗi

Amsa: Ɗana, yi musu abin da suka biya, abinci ne. Ni dai gadajen nan masu allon kai kamar ƙofar fada ba sa burge ni, sati ɗaya na hunturu ƙura ta cike duk lungunan adon, amarya ta koma bin su da tsohon buroshin haƙori.

Salo daga jikin mutum da ɗakinsa yake farawa. Kujera wajen inci 18 daga ƙasa, tebur wajen inci 30, don haka gwiwa da hannu suke so. Kafin ka zana gado shida da shida, je ka auna ƙofar ɗakin da lungun zaure, ka yi shi mai kwancewa. Na taɓa ganin an fasa bango saboda sif. Ka ɗaga kaya a kan ƙafafu yadda tsintsiya za ta shiga, gara kuma ba za ta yi gini a ɓoye ba.

Sai ka je ka zauna wurin masassaƙi. Dubi kujerar tsakar gida da yake fitarwa daga gungume ɗaya da gizago, ba ƙusa ba gam, mace ta gaje ta wurin kakarta. Dubi ta Nufawan Bida mai ƙafafu da yawa da zane a samanta. In ado kake so, ga dagi, ga zanen bangon tsofaffin gidajen Zariya da na Damagaram kusa da kai. Ɗauki ɗaya, ka sassaƙa shi sama-sama a wuri guda, ka bar sauran katakon ya nuna jijiyarsa.

Tambaya: Me ya sa madobiya ta yi tsada haka? — Wani mai karatu daga Jalingo

Amsa: Malam, kai da kake Taraba ka fi ni ganin tirelolin. An yi shekaru ana lodin ta zuwa ƙasar Sin, inda ake son jan katako irinta, har daga 2017 aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta taƙaita cinikinsu. In nauyi da ƙarko kake nema, nemi katakon kawo. Ka dai gaya wa kafintan ya wasa zartonsa.