Daɓen katako ya kumbura a damina: kada a goge shi yanzu

Assalamu alaikum jama'ar gida. Hajiya, na saurari muryarki, na kuma ga hotunan falonki na Ajah a Legas. Kin ce tun da damina ta kankama allunan daɓen suka fara ɗaga baki, gefe ya tashi tsakiya ta lotsa, kuma kafinta ya ce a kawo inji a goge da samfefa ya daidaita. Don Allah Hajiya, kada ki bari a goge shi yanzu. Sana'ata ce, kuma wallahi raina yana ɓaci in ga an zuba kuɗi a katako mai kyau, gaggawa ta zo ta lalata shi.

Shi katako ko an yanke an busar, bai daina shan danshi ba. Iska ta yi laima ya sha ya kumbura, ta bushe ya saki ya tsuke, kuma ta faɗi yake motsi, ba ta tsawo ba. Wannan lotsawar da kike gani tana nufin cikin allon, wato ɓangaren da ke kwance a kan siminti, ya fi samansa jiƙa. To in aka goge yau, bakunan da suka tashi inji zai cinye. Hunturu na shigowa a Disamba katakon zai bushe ya koma ya kwanta, sai ki ga gefe ya yi ƙasa, tsakiya ta yi tozo. Kaurin da inji ya ci kuma ba ya dawowa.

Abin yi shi ne a nemo ta inda danshin yake shigowa. Ajah da Lekki ƙasa ce ta yashi da fadama, ruwa yana kusa sosai, ke kuma a ƙasa kike, ba a saman bene ba. Ki sa a ɗage allo ɗaya ko biyu a lungu, a shimfiɗa leda mai kauri kamar santimita 45 kowane gefe a kan simintin, a manne bakinta da salatif ta yadda iska ba za ta shiga ba, a bar ta ta kwana. In da safe kin ga raɓa a cikinta, ko simintin ya yi duhu, daga ƙasa yake tasowa, wataƙila ba a sa abin tare danshi ba lokacin da aka shimfiɗa daɓen. In kuma wajen a bushe yake, a duba bututun da ke fitar da ruwan esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, don yana toshewa ya riƙa tsiyaya a cikin bango ba wanda ya sani. A duba bangon da ya haɗa falo da banɗaki, da ƙasan ƙofar gilas ta baranda inda feshin ruwa ke shigowa.

Sannan a cire katakon da ya zagaye gindin bango a leƙa. Ya kamata a ga rata ta milimita 10 zuwa 15 tsakanin daɓe da bango. Da yawa ba sa barin ta, sai katako ya kumbura ya rasa wurin zuwa, ya tashi sama. In ya matse, a rage bakin, wannan kam za a iya yi yau.

Maganar iska kuma. Masu yin daɓen nan suna so danshin ɗaki ya tsaya wajen kashi 35 zuwa 55 cikin 100, mu kuma a Legas da damina yana wuce 80. Na san da halin wutar da muke ciki ba kowa zai iya riƙe wannan ba, amma in kin samu ya sauko wajen 60 ya zauna, kin yi ƙoƙari. Akwai ɗan agogon auna danshi, ba tsada, ki aje shi a falo. Esi yana zuƙe laima, ki duba rimot ki danna inda aka zana ɗigon ruwa. Fanka iska kawai take juyawa, ba ta cire komai. Kuma mu 'yan Arewa mun saba buɗe taga ɗaki ya sha iska, a Kano daidai ne, amma a nan da asuba ko bayan an ɗauke ruwa, laima kike shigowa da ita. Mafi muni shi ne a kulle gida a tafi gida Sallah makonni, a dawo a tarar da fumfuna har a takalma. Ki bar wa wani amintacce makulli ya riƙa kunna esi awa ɗaya ko biyu kullum.

A gaya wa yarinyar da ke goge-goge ta daina kwara ruwa kamar a kan tayil, ta matse tsumma sosai, ta bi da busasshe. Butar alwala ma kada a aje ta a kai. Kafet mai roba a ƙasa a naɗe shi tukuna, yana riƙe danshi. A kuma sauke labule da rana, don rana tana canza launin katako, katakon iroko ma duhu yake ƙarawa, sai inda kafet ya rufe ya fita daban.

Wani Alhaji a cikinmu ya ce zai sa daɓen katako a sabon gidansa. Alhaji, katakon iroko da na tik suna jure laima, amma sai an busar da su sosai. Ɗanyen katako daga wajen yanka bai dace da daɓe ba. A kawo shi ya zauna a ɗakin kamar mako biyu kafin a kafa, sabon siminti kuma a ba shi kamar wata guda ga kowane milimita 25 na kaurinsa.

Hajiya, ɗan tsagaitawar ruwan Agusta kada ta ruɗe ki, zai dawo a Satumba da Oktoba. A toshe danshin yanzu, a jira Janairu, sau da yawa yana kwanciya da kansa, abin da ya rage sai a goge. Sai dai in naki irin na garin katako ne da aka matse aka manna masa hoto a sama, wannan in ya kumbura sai canji. Ki turo min hoton gefen allon da aka ɗage in ga wane iri ne.